Ɗan Azumi da Taraktar Gabi

A Madarumfa, can unguwar da ke kallon tafki, an yi wani mutum ana ce masa Ɗan Azumi. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa, sai dai bakinsa ya fi hannunsa saurin aiki. Ya taɓa ɗan zama a Kano yana yaron mota, to tun daga nan babu injin da bai sani ba a duniya. In rediyon wani ta lalace sai ya ce a kawo, in an kawo kuma, ƙarshenta a kai ta Maraɗi a cikin kwano. Matarsa Lami mai kunya ce, ba ta cika magana ba, amma babu abin da ke wuce idonta.

Mahaifin Lami, Malam Adamu, yana da lambu a bakin tafki. Duk shekara in damina ta wuce ruwa ya ja da baya, sai ya bar baƙar ƙasa mai danshi, a nan tsohon ke dasa tumatir da tattasai, da su gidansa ke cin rani. Ƙasar kuwa ba ta jiran kowa. In ba a kafce ta da danshinta ba sai ta bushe ta tsattsage, ta yi tauri kamar ƙasan tukunya, shekarar ta tafi ke nan. Ƙarfin tsohon ya ja, ƴaƴansa maza suna ci-rani a Najeriya, don haka bisa al'ada mijin ƴarsa ne zai kira gayya: ya bi samari ya raba goro, mata su dama fura, a taru a gama aikin a yini guda.

Shekarar da aka karya darajar sefa, ruwa ya ja da wuri. Ran nan Ɗan Azumi ya dawo daga kasuwar Gabi, ko zama bai yi ba ya hau kira.

"Lami! Aje ludayin nan ki taho ki ji. Bana ba ni kiran gayya."

Lami ta ɗago kai daga tukunya. "To wa zai kafce ma Baba lambu?"

"Ni."

"Kai da wa, maigida?"

"Ni da tarakta!"

Ashe a Gabi ya ga wata ƴar tarakta irin mai hannu biyu, wadda mutum ke riƙewa yana bin ta a baya, ita kuwa tana kafce ƙasa da wuƙaƙenta. Wani furoje, wato shirin raya noma na Nasara, ya kawo ta tun Lami ba ta yi wayo ba. Furoje ya tashi, aka bar ta a bayan mangaza, ɗakin ajiyar kayansu, kaji suna kwana a kanta, har mai gadin wurin ya gaje ta.

"In ce dai tana tashi?" in ji Lami.

"Barci take. Injin Nasara ba ya mutuwa, sai dai ya yi barci."

"Da mi za ka saye ta?"

Ɗan Azumi ya waiwaya. Ya dai dubi jakinsu da ke ɗaure a gindin dogon yaro yana tauna kara. Jakin ma ya dube shi.

Jaki da amalanke suka koma hannun Inusa, taubashin Ɗan Azumi, wanda kuma shi ne sarkin gayyar unguwa. Sai da aka gama ciniki aka tafa, sannan gogan ya tuna tarakta tana Gabi, ba ta kuwa zuwa da ƙafarta. Dole ya koma ya roƙi aron jakin da ya sayar.

"Bawana," in ji Inusa, "wannan wace irin mota ce da sai jaki ya goya ta?"

"Sufurefe mai mulkin yankin nan ma tuƙa shi ake. Ka taɓa ganin ya tako daga Maraɗi da ƙafa?"

"To, Sufurefe. Goron gayya fa? Ƙasar tsoho ta fara shan iska."

"Ku sha zamanku, na sallame ku. In ka ga tana aiki, kai da samarinka sai ku rataye hauyoyinku a bango."

Da yamma aka shigo da ita gari, jaki na gumi, Ɗan Azumi na zaune a kanta yana ɗaga wa mutane hannu. Tsatsa ta cinye ta, kashin kaji ya yi mata fari a ka. Da aka zo ƙofar gida sai ta ƙi shiga zaure, faɗinta ya fi ƙofa. Bai ko damu ba. Ya ɗauko kayan aiki ya kwakkwance ta a bakin hanya, ya riƙa shigar da ita gunduwa-gunduwa. Lami na tsaye a bayan zana tana kallo. Ta dubi ƙofar, ta dubi ƙarafan da ke shiga, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga yadda fuskarsa ke walƙiya don murna, ta mayar da bakin ta rufe.

Tsakar gida ta koma garaji. Ya shimfiɗa tabarmar baƙi ya baza hanjin tarakta a kai. Ya sa Lami ta sauko da kwanukan jerenta na aure, masu jar fulawa, ya zuba kusoshi a wannan, ƙananan ƙarafa a wancan, ya jiƙa su da esansi, man mota. Tun daga ranar komai na gidan ya ɗauki wari, har fura in an sha sai a yi gyatsar mota. Ya tafi kasuwar Jibiya neman buji mai ba inji wuta, ya dawo da buji, da gwangwanin koren fenti, da madubin babur.

"Madubi kuma na mi?" in ji Lami.

"Don in riƙa hango masu hassada a bayana."

Ya kankare, ya goge, ya shafa fenti har kan tayoyi. Ya hau haɗawa yana waƙa. Da ya ce ya gama, Lami ta leƙa ta ga kwano guda cike da ƙarafa bai mayar ba.

"Maigida, waɗannan fa?"

"Ɓarnar Nasara ce. Su komai sai sun yi ƙari."

A cikin ragowar akwai wata murɗaɗɗiyar waya da ta fito daga ɗan ƙarfen da ke jikin hannun hagu, wanda in an matsa tarakta ta tafi, in an saki ta tsaya. Ɗan Azumi ya rasa yadda zai mayar da ita, sai ya yanko robar tsohuwar taya ya matse ƙarfen ya ɗaure shi tamau.

"Kin gani? Da sai mutum ya yini yana matsawa, hannu na ciwo. Yanzu ita kaɗai za ta riƙa tafiya. Wallahi da wanda ya ƙera ta zai gan ni, da ya ji kunya."

"In za ka tsayar da ita fa?"

"Wa ke maganar tsayawa, aiki na jira?"

Aiki kam yana jira. Lami ta je gidansu gaisuwa, ta biya ta lambu, ta ga gefen tudu ya fara tsagewa, dashen tumatir kuma ya yi tsawo a gurbinsa yana neman inda za a kai shi. Mahaifinta kuwa, ba ya yiwuwa ya yi ƙorafin suruki a gaban ƴarsa. Ya dai tambaye ta, "Mijinki lafiya?" Ta ce lafiya lau. Ya ce, "Madalla," ya ci gaba da kallon ƙasa. Wannan madallar ta fi faɗa zafi a ran Lami. Ta dawo gida da ita kamar ta ɗauko dutse.

Ta tarar ana fama da tayarwa. Ya yanke igiyar gugarta ya naɗa a kan inji, ya ja, shiru. Ya tofa yawu a hannu ya sake ja, shiru. Ya cire riga, ya kafa ƙafa, ya ja da iyakar ƙarfinsa, igiya ta kuɓuce, sai ga shi zaune a cikin akurkin kaji.

Balaraba, maƙwabciyarsu, wata dattijuwa mai bakin tsiya, ta leƙo ta kan katanga.

"Ɗan Azumi, ƙwai ka shiga yi?"

"Inna, aikin ilimi ne, ba za ki gane ba."

"Na gane mana. Jiya ma na ga ilimin, mai dogayen kunnuwa, yana tafiya garin Safo da amalanke, Inusa na bisa."

Ya fito yana cire gashin kaji daga kai, ya sake naɗa igiya. Wannan karon tarakta ta yi tari, ta sake tari, sai ta saki wata ƙara kamar an harba bindigar mafarauta. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe gidan. Kaji suka tsallake katanga, akuya ta tsinke igiya. Balaraba ta kurma ihu, "Gobara! Jama'a gobara gidan Lami!" Kafin a ce wani abu ta ɗauko ruwan wankin wake ta watso ta kan katanga, ya sauka daidai kan mai ilimi.

Ɗan Azumi bai ko ji ba. Yana tsaye jiƙe sharkaf, ƙwayar wake a kunne, yana rawa.

"Ta farka! Lami, ba na ce miki barci take ba?"

Da ƙyar ya shaƙe ta ta mutu. Ya turo ta zai fita da ita gari ya gani, sai ta zo ƙofar zaure ta tsaya. Ya juya ta ta gefe, ta ƙi. Ya kwantar da ita, ta ƙi. Ya tsaya yana kallon ƙofar kamar yau ya fara ganinta.

"Wane magini ne ya yi wannan ƙofa? Ba shi da hangen nesa."

"Kai ka gina ta da hannunka, maigida," in ji Lami a hankali.

Sake kwancewa ba ya yiwuwa, don shi kansa bai san yadda aka yi ta tashi ba. Gidan Balaraba kuwa yana da babbar ƙofa ta shigar shanu. Sai ya koma gindin katanga ya sassauta murya.

"Inna Balaraba, uwar marayu. Ƴar kafa kawai zan huda, mu wuce ta gidanki. Ni kuma gonarki ta gujiya, na ɗauke miki nomanta har ƙarshen rayuwa."

"Rayuwar wa? Tawa ko ta ƙarfen?"

"Haba Inna."

"Don Lami zan yarda, da ubanta. Amma ka gina mini katangata yadda ka same ta, in ba haka ba duk abin da kuka dafa sai na shigo na ci."

Ƴar kafar da aka ce, da aka sa diga sai rabin katanga ya zube. Tarakta ta fita ta kan shanyar kuɓewar Balaraba.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Ɗan Azumi ya tsaya a bakin hanya yana shela. Gobe da hantsi kowa ya zo lambun Malam Adamu ya ga zamani. Kada wanda ya zo da hauya, cin mutunci ne. Kada kuma wanda ya kuskura ya taɓa ta, don ba ta san hannun kowa ba sai nasa.

"Ita fa ba ta bukatar mutum," in ji shi. "Ni ma rakiya kawai nake yi mata. Ita kaɗai take aikinta."

Maganar ta zaga gari har ta isa kunnen Malam Adamu, duk da kunnen ya yi nauyi.

Kashegari bakin tafki ya cika kamar ranar kasuwa. Masu ƙosai sun kafa kasko, Inusa da samarinsa sun jeru a inuwa hannu a aljihu, Balaraba ta zo da kujerarta. Lami ta raɓe a cikin mata ta ja mayafi har goshi. Sai ga Ɗan Azumi cikin sabon kaftani da baƙin tabarau da takalmi sau-ciki, yana turo koriyar tarakta, madubi na walƙiya. Ya tsayar da ita a gefen tudu ya fuskantar da ita tafki. Ya yi bisimilla ya ja igiya.

Ta tashi. Abin mamaki kuma, ta yi aiki. Wuƙaƙe suka nutse, baƙar ƙasa ta riƙa juyowa tana tashin ƙamshi, laushi kamar gari. Mata suka rangaɗa guɗa. Inusa ya cire hannu daga aljihu. Lami ta ji dutsen nan ya sauka daga ƙirjinta, har ta ce a ranta, ashe dai bawan Allahn nan wani lokaci yana da gaskiya.

Daidai nan Malam Adamu ya iso, yana dogara sanda. Ya tsaya a bayan surukinsa ya ɗaga murya ya yi sallama.

Ɗan Azumi ya hango shi a madubi. To, duk surutunsa, abu guda ne bai taɓa wasa da shi ba. Tun da ya auri Lami bai taɓa gaida mahaifinta a tsaye ba, ko da takalmi a ƙafa. Jikinsa bai ma shawarci kansa ba. Ya saki hannun tarakta, ya juyo, ya tuɓe sau-ciki, ya zare tabarau, ya durƙusa ya sunkuyar da kai.

"Barka da hantsi, Baba."

Tarakta kuwa, da yake an ɗaure ta da roba, ta ci gaba da tafiyarta.

"Lafiya lau," in ji tsohon. "Ina kwana?"

"Lafiya lau, Baba."

"Iye?"

"LAFIYA LAU, BABA!"

"Madalla. Ina gajiya?"

Ɗan Azumi yana jin ƙarar tana nisa a bayansa. Amma tashi a tsakiyar gaisuwar suruki, a gaban gari duka? Gara ƙasa ta haɗiye shi.

"Ba gajiya, Baba."

Malam Adamu ya ɗaga kai ya hangi abin yana tafe babu kowa a bayansa. Ya riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Ashe da gaske ita kaɗai take aiki. Ina iyali?"

Jama'a ma da farko haka suka ɗauka, har wasu na tafi. Sai tarakta ta ci karo da tushen kara ta karkace, ta nufi gurbin dashen tumatir. Lami ta dafe ƙirji. Kunya ta gudu, muryar da ba a taɓa ji a waje ba ta fito.

"Inusa! Dashen Baba! Ku tare ta!"

"An ce ba ta san hannun kowa ba!" in ji Inusa, amma ya ruga. Ya isa ya rasa inda zai kama, sai ya cire hula ya shiga kora ta kamar saniya. "Kai! Hai! Koma can!" Wani saurayi ya kai mata duka da sanda. Ko dukan ne, ko wani tushen ne, ta sake karkacewa, ta aske gefen gurbin kaɗan ta wuce.

"Ina aiki?" in ji Malam Adamu.

"Da godiya, Baba," in ji Ɗan Azumi.

"Ya ruwa ya bar mu?"

"Sai alheri, Baba."

Tarakta ta fasa shingen ƙaya ta fita daga lambun da ƙaya a ka kamar gammo. Ta bi ta kan tarun da masunta suka shanya, ta naɗe shi ta ja, samari na biye da ita suna ihu, masu ƙosai na janye kasko. Wani masunci da ke kan gora a bakin ruwa ya ga abu kore na nufo shi yana hayaƙi, ya bar gorar ya yi nutso. Ta shiga tafki da ƙarfinta, tana watsa laka, ruwa ya kai taya, ya kai inji. Ta yi tari irin na ranar farko, ta yi shiru. Madubi kaɗai ya rage a sama yana kallon gari.

Wuri ya yi tsit.

"Yauwa," in ji Malam Adamu. "Yanzu nake jin ka sosai. Ina mutanen gida?"

"Suna lafiya, Baba."

Sai da ya tambayi kaji da akuya, sannan ya ce madalla. Ɗan Azumi ya miƙe, ƙafa ta yi tsami, ya juya. Ga kunya guda ɗaya tak, ta taso daga tudu a miƙe, ta karkace, ta ratsa shinge ta gangara cikin ruwa. Sauran lambun yana nan yadda yake.

"An gama ne?" in ji tsohon.

"An fara dai, Baba."

Dariyar da mutane suka danne ta fashe. Balaraba har da faɗowa daga kujera.

"Bawana," in ji Inusa yana haki, "gonar kifi ma kai ka ɗauki nomanta?"

"Kai dai faɗi gaskiya," in ji Ɗan Azumi, yana neman takalminsa. "Ka ga gudu? Jakinka zai iya haka?"

"Jakina in ya ga ruwa tsayawa yake."

Lami ba ta yi dariya ba. Ta duƙa ta ɗebi ƙasar lambun ta murza, ta ji sauran danshi kaɗan ne, rana kuwa tana hawa. Ta matsa kusa da mijinta, abin da ba ta taɓa yi a cikin mutane ba, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Maigida, ƙasar nan ba ta kai jibi."

Ya dube ta, ya dubi madubin da ke cikin ruwa, ya dubi tsohon. Sai ya taka har gaban Inusa.

"Sarkin gayya."

"Na'am? Ban ji ba, ƙarar zamani ta toshe mini kunne."

"Na ce sarkin gayya, ina roƙon gayya. Yau. Goro ya biyo baya."

"Hauyoyin ai mun rataye a bango, kai ka ce."

"A sauko da su, don Allah."

Inusa ya ja shi da wasa har ya gaji, sannan ya yi fito, samari suka watsu gida-gida. Balaraba ta tattara mata aka hau daka. Kafin azahar hauyoyi sun jeru daga wannan shinge zuwa wancan, ƙasa na juyawa, ana waƙa ana ba'a. Aka miƙa wa Ɗan Azumi tasa hauyar, ya naɗe sabon kaftani ya shiga layi, yana gaya wa na kusa da shi cewa ƙotar nan an yi ta ba bisa ilimi ba.

Malam Adamu yana zaune a inuwa yana kallo. Da la'asar ta gabato, aiki ya ci rabi, ya so ya zaga ya ga yadda ake ciki. Ya ɗauki sanda, ya yi taku biyu, sai ya tsaya. Ya yafuto Lami da ke wucewa da ƙwaryar fura.

"Je ki ce ma mijinki ga ni nan tafe. Kada ya saki hauyar nan. Na yafe gaisuwar har a gama."